Asubahi Tara a Filifin

Tun ranar 1 ga Satumba ake fara sa waƙoƙin Kirsimeti a kantuna da gidajen rediyon Filifin. Su kansu mutanen ƙasar suna yi wa juna tsiya a kan wannan zumuɗi, suna kuma bugun ƙirji cewa babu ƙasar da ta kai su tsawon bikin Kirsimeti. Wannan duk hayaniyar 'yan kasuwa ce, ba ta kuma burge ni ba, don fitilu masu walƙiya da rangwamen kaya akwai su a kowane babban birni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana farawa ne ranar 16 ga Disamba, da ƙarfe huɗu na dare, lokacin da kantunan suke a rufe.

Daga wannan rana har zuwa 24 ga wata, kullum kafin ketowar alfijir, mabiya ɗariƙar Katolika sukan tashi su nufi coci. Simbang Gabi suke kiran wannan ibada: asubahi tara a jere, don girmama Maryamu da watanni tara da ta yi da juna biyu, da kuma shirin tarbar wanda suka yarda shi ne Mai Cetonsu. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen ƙasar sun kai miliyan 109, kusan kashi 79 cikin 100 kuma Katolika ne. In aka ce Katolika sun tashi, to gari ne ya tashi.

Sha'anin shinkafa ne ya kai ni can. A garin Los Baños, kudu da Manila, a gindin dutsen Makiling, akwai cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, wadda aka kafa a 1960, kuma malaman gona irina sukan je ƙaro ilimi. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu. Duk unguwar Lola ake kiranta, kamar yadda suke kiran kowace kaka, ita kuma Anak take ce mini, yadda take ce wa 'ya'yanta. Tun ranar da na sauka ta ware mini tukunya da kwano, ta ce naman alade ba zai kusance su ba. Da Disamba ta raba tsakiya sai ta ce, "Anak, na san kana tashi da asuba, ina jin motsin ruwan alwalarka. Gobe ka rage barcin da awa guda, ka raka ni ka ga abin da muke yi."

Ƙararrawa ce take fara tada mutane, tun wajen uku da rabi. Ka leƙa titi ka ga ƙofofi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. A wannan wata iskar da suke kira amihan take kaɗowa daga arewa maso gabas. Sanyin bai taka kara ya karya ba, amma kowa ya ɗauko rigar sanyinsa, saboda shekara guda ke nan tana jiran wannan dama a cikin akwati. A bakin kowane gida an rataye parol, fitila mai siffar tauraro mai tsini biyar. Ta talaka da tsagin gora da takarda mai launi ake yin ta, ta mai hali kuwa da ɓawon wata irin kawa mai ɗaukar haske, an jera ƙananan ƙwayaye a ciki. Asalinta fitilar haska hanya ce ga masu zuwa coci, tun ba a san lantarki ba. Babura masu akwatin fasinja a gefe suna ta wucewa, kowanne ya ɗebi iyali guda har da kaka da jariri.

Kafin huɗu cocin unguwar ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Waɗanda suka makara suna tsaitsaye a farfajiya, wasu a kan 'yan kujerun roba da suka ɗauko daga gida, suna bin sujadar ta lasifika. Nan na tsaya, jikin ginshiƙin ƙofa, inda nake hango bagadi. Ba wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Wani dattijo ma matsawa ya yi ya ba ni gefen bencinsa. Ga ma'aikatan jinya da fararen kayansu za su wuce asibiti, ga direbobi da tawul a wuya, ga ɗaliban jami'a idanu jajur, ga yara cikin kayan barci an saɓa su a kafaɗa. Ga kuma samari da 'yan mata waɗanda, tsakani da Allah, rabin ibadarsu satar kallon juna ce. Lola ta ce a nan ta fara ganin marigayi mijinta, saboda haka ba ta da bakin faɗa.

Waƙar ce ta fara kama ni. Akwai 'yan mawaƙa a gaba da jita biyu, amma ba a bar musu aikin ba. Taron ne duka yake rerawa, da harshen Tagalog, ba tare da duba takarda ba, har da na tsaye a bakin titi. Da aka zo Addu'ar Ubangiji sai kowa ya kama hannun na kusa da shi, layi ya taso daga gaban bagadi, ya bi ta ƙofa, ya fito farfajiya. Dattijon nan ya miƙo mini hannu, ya ga na harɗe nawa a ƙirji, sai ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya miƙa ta gabana ya kamo hannun yaron da ke ɗaya gefen. Ko a jikinsa. Layin bai tsinke ba, ni ma ba a takura ni ba.

Me ya sa sai ƙarfe huɗu? Magellan ya iso tsibiran a 1521, Sifaniyawa suka kafa mulki daga 1565, suka riƙe ƙasar har 1898. Shekaru aru-aru ta hannun Meziko suke tafiyar da ita, manyan jiragen ruwa suna kai da kawo tsakanin Manila da Acapulco har 1815. Ta wannan hanya al'adar sujada tara kafin Kirsimeti ta biyo, ta kuma zauna da gindinta tun ƙarni na 17. Dalilin lokacin, kamar yadda kowa zai gaya maka, manomi ne. A da Disamba lokacin girbin shinkafa ne, kuma mai girbi tun duku-duku yake fita kafin rana ta take. Da limaman coci suka ga ba za su samu manomi da hantsi ba, da yamma kuma ya dawo a gajiye, sai suka kai masa ibadar sa'ar da yake da ita. Wannan dabara ta kwanta mini ƙwarai. Na sha ganin an kira taron horar da manoma da ƙarfe goma na safe a tsakiyar damina, ba wanda ya zo sai masu jiran kuɗin mota, daga baya a rubuta rahoto a ce manoma ba sa son ilimi.

Ba lokacin kaɗai aka lanƙwasa ba. A ƙa'idar Katolika, makonnin jiran zuwan Almasihu, waɗanda suke farawa daga Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, lokaci ne na kamewa da tuba. Fada yakan sa riga ruwan shunayya, kuma akan jingine babbar waƙar ɗaukaka Allah. A asubahin nan tara kuwa, farar riga fada yake sawa, a kuma rera waƙar da ƙarfi, ana kaɗa ƙararrawa. A 1953 bishop-bishop na ƙasar suka nemi Roma ta bar musu wannan al'ada, aka kuma bar musu. Ranar 15 ga Disamba, 2019, Paparoma Francis da kansa ya jagoranci Simbang Gabi a babbar majami'ar Bitrus da ke Batikan, tare da 'yan Filifin mazauna Italiya. Abin da aka ƙirƙiro don masu yankan shinkafa ya kai inda ba a zata ba.

Lola ta ba ni wani ɗan littafi na Turanci mai ɗauke da karatun kowace rana, kuma a nan na ga gwanintar tsarin. Ba a juye labarin gaba ɗaya. Ranar 17 a karanta jerin kakanni tun daga Ibrahim, a bi ta kan Dawuda. Washegari mafarkin Yusufu. Sai Zakariya, tsoho tukuf, matarsa ba ta taɓa haihuwa ba, aka yi masa albishir da ɗa, bakinsa ya rufe. Sai zuwan mala'ika Jibrilu wurin Maryamu. Sai ziyararta ga Alisabatu. Ranar 23 a haifi Yahaya. Kullum a tsaya a inda labari ya yi daɗi, mai son ji ya dawo gobe. Musulmin da ya san Suratu Maryam ba zai ji baƙunta ba, don ita ma da Zakariyya da tsufansa da shirunsa ta buɗe, sannan Yahaya, sannan Maryam. Inda muka rabu sananne ne: a wurinmu Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, a wurinsu Ɗan Allah ne. Lola ta san haka, ni ma na sani, kuma ba wanda ya nemi jan wani.

Akwai wata magana da ta bi gari, cewa duk wanda ya cika tara ba fashi, to buƙatar da ya roƙa za ta biya. Coci bai koyar da haka ba, amma wa zai hana mutane ƙirga? Wata asuba na ji taron ya fashe da dariya ana cikin wa'azi. Da muka fito Lola ta ce fada ne yake musu shaguɓe, wai Allah ba mai kanti ba ne da za a tara masa rasit tara a karɓi kyauta, kuma yana gane masu jarrabawa a gaba da masu jiran biza tun daga yadda suke rufe ido. Duk da haka ranar farko da ta ƙarshe sun fi cika. A tsakiya akan ga gurbi a benci, kamar dai yadda sahun tarawihi yake zabgewa idan azumi ya kai sha biyar, sannan ya dawo a goman ƙarshe. Ɗan Adam ɗaya ne.

Dariyar biza tana da tushe. Bayan wa'azi akan jero addu'o'in jama'a, domin marasa lafiya, domin shugabanni, domin waɗanda guguwa ta yi wa ɓarna. Idan aka zo kan masu aiki a ƙasashen waje, amsar takan fi ƙarfi. Miliyoyin 'yan Filifin suna waje, suna jinya, suna aikatau, suna gini, suna aikin jiragen ruwa, kuma kuɗin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara. Dattawanmu da suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 za su tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Filifin. Su ne sahun iyaye da kakannin masu aikin waje na yau. Ita Lola 'yarta tana aikatau a Hong Kong, ɗanta kuma yana aikin walda a gabashin Saudiyya, inda babu coci. Kullum kafin a fara takan kira shi ta bidiyo, ta jingine wayar a bayan bencin gabanta, kyamarar wayar tana kallon bagadi. Ƙarfe huɗu a nan, sha ɗaya na dare ne a can. Na hango shi sau da dama, a kan gado mai hawa biyu, da abin saurare a kunne don kada ya tashi abokan ɗakinsa, leɓensa yana motsi. Ba ita kaɗai ba ce. A layinta kawai na ga wayoyi da dama an jingine haka.

Shi ya sa jira a wurin mutanen nan ba darasin coci ba ne kawai. Kusan kowane gida yana da wanda ake ƙirga ranar dawowarsa. Idan aka karanta musu labarin tsohon da ya yi shekaru yana roƙon ɗa, ko budurwar da take ƙirga watanni, sun san ɗanɗanon abin a bakinsu. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba su yarda kowa ya yi nasa jiran a ɗaki shi kaɗai ba. Sun fito da shi fili, sun sa masa lokaci, sun haɗa shi da na maƙwabci.

Ana tashi, wajen ƙarfe biyar, yara sukan yi layi su kama hannun fada su kai goshinsu, su yi wa kakanninsu ma haka. Daga nan sai hayaƙin gawayi ya ja kowa bakin ƙofa, inda mata suka kafa murhu tun tsakar dare. Akwai wata da na fi tsayawa wurinta. A gabanta ƙananan kasaken yumɓu ne a jere, kowanne an shimfiɗa masa ganyen ayaba. Sai ta zuba ƙullun shinkafa da aka dama da madarar kwakwa, ta ɗora yankan ƙwan agwagwa mai gishiri da ɗan cuku, ta rufe da faranti cike da garwashi, wuta a ƙasa wuta a sama. Tana fifita wannan, tana ɗaga wancan, tana ba da canji, ba ta taɓa bari ɗaya ya ƙone ba. Bibingka ke nan. Gefenta kuma wata tukunya ce mai bututu a ka, ana cusa mata gutsattsarin gora cike da shinkafa mai danƙo ruwan shunayya. Tururi ya dafa ta cikin 'yan mintuna, a bubbuga goran a kan ganye, a shafa man shanu, a barbaɗa gogaggiyar kwakwa da jan sukari. Sunanta puto bumbong. Na kira ta yadda suke kiran yaya mace, na tambaye ta, "Ate, da wane mai kike shafawa?" Ta ɗago gwangwanin ta nuna mini, ta kira ni yadda suke kiran yaya namiji, ta ce, "Kuya, ci abinka, ba alade." Aka haɗa mini da shayin citta mai zafi da suke kira salabat. Ni da na zo nazarin shinkafa, a nan na ga nau'in da ban gani a gonar gwaji ba. In na cinye sai in gaggauta in koma masauki, don a lokacin alfijir ya keto, in ba da farali.

Manila ban ji daɗinta sosai ba, saboda cunkoso. A can an ƙaro sujadar dare, daga 15 zuwa 23 ga wata, don ma'aikatan ofis, har a cikin manyan kantuna ana yi. Tsofaffi suna ƙorafin cewa an cire wa abin gishirinsa, ina kuma ganin suna da gaskiya, ko da yake hujjar da ta kai wa manomi asuba ita ce ta kai wa akawu dare. Birnin ma yana da nasa masu asubar: matasan da suke kwana suna amsa wayar kamfanonin Amurka, su tashi aiki su zarce coci da katin shaida a wuya. A unguwar Quiapo, tafiya kaɗan ce tsakanin babban cocin da Masallacin Zinare, wanda aka gina a 1976 don ziyarar Gaddafi da ba ta yiwu ba. Musulunci ya riga Sifaniyawa zuwa tsibiran, kuma sarki Musulmi, Raja Sulaiman, suka tarar a Manila. A can na yi Juma'a, na fito na sayi abinci hankali kwance.

Lardin Pampanga, arewa da Manila, shi ne gidan fitila. A garuruwansa kowace unguwa takan zagaya da fitilu cikin dararen nan tara, kuma daga wannan zagaye aka samu gasar manyan fitilu ta birnin San Fernando. Faɗin kowace ya kai mita shida, da dubban ƙwayaye. Na zagaya baya don in ga kwamfutar da take sarrafa su, sai na tarar da gangunan ƙarfe an nannaɗe su da tef, an yanke tef ɗin a wasu wurare, an jera ƙananan wayoyi suna gogar jikinsu. Mutum ne yake juya gangar da hannu daidai da kiɗa. Inda waya ta taɓa ƙarfe wuta ta kama, inda ta hau tef ta mutu.

Amma Bacolor, 'yar tafiya daga San Fernando, ita ce ta fi tsaya mini a rai. Tsohon gari ne mai tarihi. Nan gwamnatin Sifaniyawa ta koma lokacin da Ingila ta mamaye Manila daga 1762 zuwa 1764. Ranar 15 ga Yuni, 1991, dutsen Pinatubo ya yi aman wuta. Tokar da ya tara a kan tuddai ta zama masifar shekaru, don duk damina sai ruwa ya kwaso ta ya gangaro da ita, taɓo mai kauri da yake daskarewa ya yi tauri. A 1995 ya binne Bacolor. Cocin San Guillermo, wanda aka fara kafawa a 1576, tsayinsa mita 12 ne. Taɓo ya cinye rabi. Da mutanen suka fara dawowa, ba su gina sabo ba. Suka tono katafaren katakon bagadin mai ruwan zinare, suka wanke, suka matsar da shi ƙarƙashin ƙubba, inda kaɗai tsayinsa zai shiga. Tagogin bene suka zama ƙofofi. Yau in ka shiga, rufin yana kusa da kai, bakunan tsofaffin tagogi suna leƙowa daga ƙasa daidai gwiwa, jemagu suna shawagi a sama. Wani mai tura keken fasinja ya ce mini gidan da aka haife shi yana ƙarƙashin titin da muke tsaye a kai, iyalinsa kuma an tsugunar da su a wani gari, amma duk Disamba a nan suke yin asubahinsu. Da na tambaye shi dalili, ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce a nan aka yi wa uwarsa baftisma.

Daren 24 ga wata na koma Los Baños. Kafin sujadar tsakar dare akan yi wani wasa da ake kira Panunuluyan: saurayi da budurwa su yi shigar Yusufu da Maryamu, jama'a na biye da kyandir, su riƙa tsayawa a ƙofar gidaje suna roƙon masauki da waƙa, masu gida suna korarsu da waƙa. Wanda ya fito a attajiri a unguwarmu ya iya rowa har yara suka yi masa ihu. A ƙarshe coci ne yake buɗe musu.

'Yar Lola ta sauka da yammacin ranar, hutun mako guda aka ba ta, ta kuma sha awoyi a hanya daga filin jirgi. Ta zo da ƙaton kwali an ɗaure shi da tef ta ko'ina. Bayan an taso daga coci aka baje abinci, aka tura mini gasasshen kifi da taliya da cuku can nesa da cinyar alade, sannan aka farke kwalin: cakulan, sabulu, man goge baki, takalman jikoki. Biyu daga cikin takalman sun yi kaɗan, don yaran sun girma tun awon da aka aika mata. Lola tana ta faɗan ɓarnar kuɗi tana gwada sabon silifa. Ɗan nata ya kira daga Saudiyya, lokacin ƙarfe takwas na dare a can, ya ce a ɗaga masa wayar ya ga abin da aka dafa, kuma a yi sauri, don gobe da sassafe yana da aiki.